Ƙanena na Kusiri, kafin bulo ku tambayi filin na wane ne

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena na Kusiri, tun daren jiya na ga tambayarka. Na buɗe zan amsa, na rufe, sai bayan sallar asuba na iya zama. Ka ce ruwan 2024 ya kwantar da ɗakin karatun unguwarku, littattafan da kuka tsamo har yau suna cikin buhuna a zauren wani maƙwabci, ku matasa kun yi taro kuna so ku tayar da shi amma kun rasa ta inda za ku fara, ko tara kuɗi, ko neman littattafai, ko zuwa wurin hukuma. Wallahi da na zo kan maganar buhunan nan sai da na ajiye wayar. Na san su. Har warinsu na sani, warin takarda da ta sha ruwa ta kwana a rufe, wanda yake manne wa mutum a hannu ko ya wanke da sabulu.

Ni malamin firamare ne a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma namu ɗakin karatun sau biyu muka rasa shi. Na farko ruwa ne ya ci, na biyu mutum.

Abin da daminar 2012 ta yi mana a gangaren Binuwai ba sai na maimaita wa mutanen zauren nan ba, da ruwan sama da na madatsar Lagdo, kowa ya san inda ya kwana a watan nan. Namu ɗakin ƙasa ne, ciki ɗaya da rumfa, kanta uku da benci huɗu. Ruwan bai zo masa da ƙarfi ba. Zama ya yi a gindin bango kwana da kwanaki, yana jiƙa shi a hankali, har wata safiya bangon gabas ya durƙushe ya ɗauko rufin. Muka shiga cikin laka muka kwaso abin da ya kwasu.

Kuskuren farko a nan muka yi shi, don haka bari in fara da buhunanku. Mu shanya littattafan muka yi a rana tsaka, a kan kwano, kamar masu shanya kuɓewa. Kafin la'asar bangwaye sun nannaɗe, gam ya saki, shafuka sun bushe sun yi ƙamas suna karyewa, masu takarda mai sheƙi kuwa suka manne suka zama dunƙule ɗaya, ba su sake buɗuwa ba. Littafin da ya jiƙe inuwa yake so da iska. A tsayar da shi a buɗe, a riƙa juya shi, in da tsohuwar jarida a saƙa tsakanin shafuka tana tsotse danshin ana canza ta. Naku sun daɗe a rufe, buhun leda kuma ba ya numfashi. Don Allah kada ku jira ginin. Yau ɗin nan ku kwance su, ku ɗaure hanci da ƙyalle saboda fumfuna tana kama ƙirji, ku ware masu rai daga waɗanda suka mutu. Wanda fumfuna ta yi wa baƙi kada ya kwana kusa da mai lafiya, yana harbinsa. Masu ayoyi da suka lalace ku kai wa liman, ya san yadda ake yi da su.

To amma ba wannan ya hana ni barci ba. Ka lissafa kuɗi da littattafai da hukuma, ba ka ambaci fili ba. Filin da tsohon ɗakin yake a kai, na wane ne? Akwai takarda? Sunan wa ke kanta? In amsarka ita ce "ai kowa ya san na unguwa ne", to zauna ka ji abin da ya same mu.

Bayan ruwa ya janye muka ga ba hankali ba ne mu koma wurin da ya cinye mu. Wani dattijo ɗan kasuwa a unguwarmu, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa, ya kira mu zaurensa. Ga liman, ga wasu dattawa biyu, ga mu. Ya ce akwai gefen filinsa a kan tudu, bakin hanya, mu gina, ya ba yaran unguwa saboda Allah. Aka yi fatiha, aka shafa. Da muka fito wani yaro cikinmu, lokacin yana karatun shari'a a jami'ar Ngaundare, ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, da an rubuta." Ni da bakina na kwaɓe shi. Na ce mutum kamar Alhaji, ya yi kyauta gaban liman, mu koma masa da biro da takarda kamar muna tuhumarsa? Yaron ya yi shiru saboda ni babba ne. Shirun nan nasa har yau yana damuna, don shi ne mai gaskiya a ranar, ni kuma kunya ta rufe mini ido.

Ginin nan ba wata ƙungiyar waje ce ta yi mana ba. Matan unguwa suka ware zubi guda a adashinsu. Masu babur suka yarda kowa ya ba da cinikin yini ɗaya. Magina biyu suna zuwa ranar Lahadi ba su karɓar ko sisi, sai abincin rana da gidaje ke karɓa-karɓa. Da rani yara suka riƙa ɗebo yashi daga kogi a bokiti da baro, wasu ƙafa ba takalmi, a zafin Garwa na watan Maris da kuka sani. Mai walda ya yi mana ƙofa da taga biyu a kan kuɗin ƙarfe kawai. Mai ɗakina ta sayar da tunkiyarta aka cika kuɗin kwano, ban ma sani ba sai da aka kawo kwanon. Fiye da shekara muna fama. Ranar da aka buɗe, wata tsohuwa da ba ta taɓa shiga aji ba ta zo ta shafa bangon da hannu ta ce jikokinta sun samu gida.

Shekara huɗu wurin yana aiki. Sai Alhaji ya rasu.

Bayan sadakar arba'in babban ɗansa, wanda ke zaune a Duwala, ya aiko a kira ni. Na ɗauka gaisuwa ce. Ya ce ana rabon gado, filin nan yana cikin takardar mahaifinsu, kuma abin da ya sani aro aka ba mu, ba kyauta ba. Na ce a kira shaidu. Liman ya riga Alhaji rasuwa. Dattijo ɗaya ya koma wurin 'ya'yansa a Yola, tsufa ya taɓa masa tunani. Ɗayan yana nan zaune a kan tabarma, kusa da ni kamar yadda hannuna yake kusa da wayar nan. Na dube shi. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce shi dai ya manta yadda aka yi lafazin. Daga baya na ji yana haya a ɗaya daga cikin shagunan gidan. Allah ya sani, ni ban ce komai ba.

Ya ba mu wata ɗaya. Bai kai wata ɗayan ba. Wata ranar Talata ina cikin aji ina rubutu a allo, wani yaro ya shigo a guje ko sallama babu, ya ce Malam ana fasa laburare. Na bar alli a ƙasa. Kafin in isa an karya kwaɗon, an fito da kantoci an jingine a bango, littattafai an tula su a bakin lambatu kamar shara, iskar hunturu tana ɗaga shafuka tana watsawa a titi. Yara suna bi suna tsincewa, wata yarinya 'yar aji biyar tana kuka tana tara su a hijabinta. Shi kuwa yana jingine da motarsa yana danna waya. Mutumin nan ni na koyar da shi a aji shida. Ni na riƙa zama da shi bayan an tashi saboda lissafin rabawa ya ƙi shiga kansa, mahaifinsa ya riƙo hannunsa ya kawo mini shi. Na ce masa, "Wane, ko albarkacin mahaifinka?" Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ɗago ya ce, "Malam, ina takarda?"

Shi ke nan abin da ya ce. Na tsaya a titi, da furfurata, gaban ɗalibaina, ban da amsa.

Yanzu wurin sito ne, ana ajiye siminti. Sun shafe bangon da fenti, amma in rana ta karkata rubutunmu yana fitowa ta ƙasa, ana iya karanta shi. Nakan zagaya ta wata hanya in zan je makaranta, ko da ta fi nisa. In ya zo hutun sallah yakan gaishe ni a masallaci, har da rusunawa, ina amsawa saboda hakkin musulunci. Ana ce mini in yafe. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa, amma ba zan yi muku ƙarya in ce na kai wurin ba. Ba ginin ne ke ci mini rai ba, yashin nan ne da yara suka ɗebo a ka.

Bayan kamar mako uku 'yata ta sayo ƙosai da safe. Na karɓa zan ci, sai na ga takardar da aka naɗo shi shafin ƙamus ne na Faransanci, mai ya jiƙe shi, ga hatiminmu shuɗi a gefen ƙasa, wanda ni na buga shi da hannuna. Ban ga laifin mai ƙosai ba, a titi aka tsinto aka sayar mata. Ban ci ƙosan ba. Takardar tana nan cikin akwatina.

Wasu suka ce mu kai ƙara. Yaron nan da na kwaɓa, lokacin ya gama karatunsa, shi ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya ba tare da ya tuna mini da komai ba. A dokar Kamaru takardar mallakar fili, titir fonsiye, ita ce shaidar da hukuma ta sani, kuma tun dokar filaye ta 1974 duk wata sayarwa ko kyautar fili mai takarda sai ta bi ta hannun noter, jami'in shari'a mai rubuta yarjejeniya ya tabbatar da ita, in ba haka ba kamar ba a yi ba. Mu ko ƙungiya mai rajista ba mu da ita, wato ko kotun muka je, a matsayin su wa za mu tsaya? Saboda haka ƙanena, ku rubuta dokokin ƙungiyarku, ku zaɓi shugabanni, ku kai ofishin firefe, wakilin gwamnati a yankinku, a ba ku resefise, wato takardar shaidar rajista. Dokar ƙungiyoyi ce ta 19 ga Disamba 1990, kuma ta ce in kun ajiye takardu aka yi wata biyu ba a ce muku komai ba, an karɓa ke nan. Ku dai riƙe shaidar ranar da kuka ajiye. Maganar fili kuwa ku je wurin noter ku tambaye shi da sunan wa ya kamata a rubuta da yadda za a rubuta, kada ku yi da ka. In mai kyautar ya ji haushi don an ce a rubuta, ku ba shi haƙuri, ku ce ba shi kuke tsoro ba, mutuwa kuke tsoro. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta sauka, mu ne muka mayar da rubutu abin kunya. Lawan ko jauron unguwarku ya sa hannu, liman ya sa, kuma ku nemi shaidu masu ƙuruciya, kada duka su zama tsofaffi.

Ku je meri ma, wato ofishin ƙaramar hukuma. Mutane da yawa ba su san cewa buɗe ɗakunan karatu na jama'a da kula da su yana cikin ayyukan da dokar 2019 ta ɗora wa ƙananan hukumomi ba. Ba bara za ku je yi ba. Ku rubuta wasiƙa, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, ku riƙa komawa. Ko ba su ba da siminti ba, in suka ba ku ɗaki ko gefen fili na hukuma a rubuce, ya fi muku kyautar baki ta attajiri goma.

Littattafai kada su dame ku yanzu, su ne mafi sauƙin samu, kuma su ne suka fi yaudara. An taɓa aiko mana da kwali goma sha biyu daga Turai. Muka biya kuɗin fito da su a Duwala, aka sa a jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan mota zuwa Garwa, kuɗin da ya ishe mu sayen sola. Da muka buɗe, rabi da Jamusanci, sauran tsofaffin kundaye ne da littattafan koyon girkin da ko kayan haɗinsa ba a sayarwa a kasuwarmu. Duk wanda ya ce zai ba ku, ku ba shi jerin abin da kuke so. Yaranmu abin da ke kawo su shi ne littattafan da ke cikin jerin ma'aikatar ilimi na bana waɗanda iyaye ba su iya saya, da na tsofaffin tambayoyin jarrabawar sakandare, BEPC da furobatuwa da bakaloriya, da ƙamus mai kyau, da 'yan littattafan labari masu hoto na ƙanana. Ku da Njamena ke tsallaken gada, ku leƙa wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a can, amma ku lura manhajar Chadi daban take da tamu, kada ku kwaso na jarrabawa. Masu zuwa da kyamara kuma su ɗauki hoton yara riƙe da littafi su tafi, su ma mun gan su, kada ku tsayar da aiki kuna jiran alkawarinsu.

Ku sa na Hausa, don Allah. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Ɗana yana Fulatanci a titi, Faransanci a makaranta, Hausa a gida, amma ka ba shi shafin Hausa na boko sai ya riƙa karanta shi da bakin Faransanci, bai san me ƙugiyar ƙ da ɗ ke yi ba. Mahaifina da ajami yake rubuta wasiƙa zuwa Kano, da shi yake lissafin goronsa, gafakarsa tana wurina, a gidanmu yanzu ni kaɗai ke iya karanta abin da ke ciki. Duk ɗan kasuwar da zai je Yola ko Maiduguri ku ba shi saƙon ko guda biyar. Da muka ajiye kanta ɗaya ta Hausa, matan aure ne suka fi kowa aike a karɓo musu, ta nan ma muka samu goyon bayan gidaje. 'Yan mata kuwa ba za a bar su su zo da magariba ba, kun sani. Ku ware musu lokaci da rana, a samu mace ta zauna, in ba haka ba ɗakin zai zama na samari kawai, iyaye su fara yi masa kallon majalisa.

Na manta ban faɗi na gara ba. Ita ba ta sallama. Ta bayan kanta take shiga, ta bango, ka ga littafi tsaye lafiya lau daga waje, ka zaro shi ka tarar cikinsa ƙasa ce. Kanta ta ƙarfe ta fi, in ta katako ce kada ta taɓa bango, a bar tazarar tafin hannu, ƙafafun a sa su cikin gwangwani da baƙin mai. Kowane mako a janye a share bayan. Tushen ginin kuma ku duba inda ruwan 2024 ya bar zane a bangayen unguwa, ku ɗaga daɓen ya wuce nan, ko da kuɗin zai sa ɗakin ya ƙanƙance. Ƙasarku shimfiɗe take, kogunan Logon da Shari kuma ba su yi alkawarin ba za su dawo ba. Jan bulo da kuke da shi a can ya fi na ƙasa jure jiƙa. Taga biyu masu kallon juna saboda iska, da raga. Sola ko ƙarami ne da ƙwan fitila uku, don rabin masu zuwa da dare ba littafinku suke so ba, haske suke nema da wurin da babu hayaniya.

Kuɗi kada su kwana a aljihun mutum ɗaya, komai amincinsa, don kada ku jefa shi cikin zargi. Ku riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita gaban kowa, bayan sallar Juma'a ko a taron wata. Sannan tun yanzu ku san wanda zai riƙe makulli. Gini yana da farin jini, ranar zuba kankare kowa zai fito, amma buɗe ƙofa kullum da la'asar, da sharar ƙurar hunturu, da bin yaro har gida a karɓo littafi, wannan mutum ɗaya ko biyu ke yinsa, kuma suna gajiya. Namu wani tsohon ma'aikacin gidan waya ne mai ritaya, Allah ya saka masa, shi ya riƙe rajista da kyakkyawan rubutunsa. Muna haɗa masa ɗan abin goro duk wata daga sefa 100 da masu aro ke bayarwa. Ku sa wannan a lissafi kafin fenti.

Mu yanzu muna cikin wani ɗaki a harabar makarantar Islamiyya ta unguwa. Bai kai rabin wancan ba, mutum goma sha biyu sun cika shi, sauran a tabarma ƙarƙashin dogon yaro. Amma akwai yarjejeniya a rubuce, hannu bakwai a kanta, kwafi ɗaya a wurina, ɗaya wurin jauro, ɗaya wurin hukumar makarantar. Yaron nan lauya shi ya rubuta ta, kuma da ya miƙo mini biro in sa hannu sai da na nemi gafararsa gaban mutane.

Akwai kwali biyu a ɗakina na littattafan da muke da su bibbiyu, yawanci na lissafi da Faransanci na aji uku na sakandare, da ƙamus ɗaya mai kyau wanda bangonsa kawai ya yage. Naku ne in sha Allahu. Ba zan sa su a mota yanzu ba, kun san yadda hanyar Marwa zuwa Kusiri take, kuma ba na so su je su ƙara yawan buhuna a zauren mutane. Ranar da aka ɗora kwano ka yi mini magana ta akwatin sirri in ba direba. Kafin nan ka je ka binciko mini maganar filin, ka dawo nan ka faɗa mana sunan wa ke kan takardar.